Littafin gasa da labarin wasa: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini

Duk ranar Asabar bayan La'asar muna haɗuwa a wani zaure a Jekadafari, cikin garin Gombe, mu shimfiɗa allon kwali a kan tebur, mu jera marafan kwalba, a fara wasa. Mu takwas ne masu tawaga. Tun kakar farko aka damƙa mini littafin gasa, daga baya aka haɗa mini da rubuta labarin wasanni. Yanzu wasu samari a Tumfure da Bolari sun fara tasu, wani abokinmu da aiki ya mayar Bauchi shi ma yana son kafa irinta a can, tambayoyi kuma iri ɗaya ake ta maimaita mini. Ga su nan na tattara wuri guda.

Wane irin wasa ne wannan tukuna?

Sunansa Blood Bowl. Wani Bature mai suna Jervis Johnson ne ya tsara shi, kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham a Ingila ya fitar da shi a 1986. An ɗauko siffarsa daga ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a gudu da ita ana bangaje juna, sai aka mayar da 'yan wasan halittun tatsuniya: dodanni, wadanni, mutane masu kan ɓera, masu jikin ƙadangare, da 'yan Adam irinmu. Filin allo ne mai gidaje 26 a tsaye, 15 a kwance. Kowane koci, wato mai tawaga, yana shigar da 'yan wasa 11, tawaga kuma ba ta wuce mutum 16. Rabi biyu ake yi, kowane koci yana da hannu 8 a kowane rabi. Dayis ne, galibi irin na ludo, ke yanke ko abin da ka nufa ya yiwu, ci kuwa shi ne ɗan wasanka ya shiga layin ƙarshe na abokin karawa riƙe da ƙwallo.

A can ƙasashen waje da ƙananan mutum-mutumi masu fenti ake bugawa. Mu marafan kwalbar lemo muke amfani da su, kowace tawaga da launinta, kowane marfi da lamba a bayansa. Ya fi sauƙi a aljihu, kuma akwai daga cikinmu waɗanda ba sa son ajiye mutum-mutumi a gida.

Me ya sa sai an rubuta? Ludo da dara ai ba a rubuta su.

Saboda su suna ƙarewa ne a inda aka tashi. Idan an gama dara sai a share gurabe, gobe kowa ya dawo da tsakuwoyinsa cif. Wannan wasan ba haka yake ba. Ɗan wasan da ya karye yau ba zai buga na mako mai zuwa ba. Wanda ya ci ƙwallo yau ya tara makin da zai sayi sabuwar dabara da shi. Zinarin da tawaga ta samu yau, wato kuɗin cikin wasa, da shi za ta ɗauki sabon ɗan wasa bayan wata guda. Ke nan abin da ya faru a tebur yau yana bin ka har ƙarshen kaka, kuma ba ƙwaƙwalwar da za ta riƙe wannan na 'yan wasa sama da tamanin.

A kakarmu ta farko mun ɗauka za mu iya. Sai ga abokai biyu, waɗanda tun firamare suke tare, suna musu a kan wane marfi ne ya ci ƙwallo a wasan da aka yi mako uku baya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya tuna yake faɗa. Amma an kai ga "kana nufin maƙaryaci ne ni?", ɗayan ya yi Asabar biyu bai zo ba. Tun daga ranar na sayi littafi mai bangon katako. Ko bashi tsakanin 'yan'uwa an ce a rubuta, ba don rashin yarda ba, don a tsare zumunci.

Me da me ake rubutawa a takardar wasa?

A sama: kwanan wata, zagaye na nawa, tawagogin biyu, da darajar kowacce a ranar, wato kimarta da zinari. Kada a tsallake darajar nan, domin doka ta bai wa tawagar da ta fi rauni damar kashe bambancin da ke tsakaninsu wajen hayar taimako na wasa ɗaya. Idan lissafin darajar ya karkace, an cuci wani tun kafin a jefa dayis na farko.

Sai yanayin sama. Ana jefa dayis biyu: 2 zafi ne mai sa mutane su sume, 3 rana ce mai kashe ido, 4 zuwa 10 lafiya lau, 11 ruwa kamar da bakin ƙwarya, 12 guguwar ƙanƙara. Mu a labari mukan mayar da 12 ɗin hazon hunturu mai ƙura, irin wanda ke rufe Gombe a watan Janairu, amma a takarda lambar da ta fito ake rubutawa.

A tsakiya a ja layi, kowace tawaga da gefenta. Duk abin da ke kawo maki a rubuta shi da lambar ɗan wasa da hannun da ya faru: wanda ya ci, wanda ya jefa ƙwallo aka cafe, wanda ya tare jifar abokan karawa, wanda ya jikkata wani. A wajen jikkata ne aka fi yin kuskure. Bai isa a rubuta "lamba 7 ya fita" ba. A rubuta ta yaya: karo ne, ko ƙeta aka yi masa yana ƙasa, ko turo shi aka yi cikin 'yan kallo, ko shi da kansa ya faɗi garin zillewa. Dalili kuwa, raunin da ya zo ta karo ne kawai ke bai wa wanda ya yi shi maki. Na ƙeta ba ya bayarwa.

A rubuta kuma irin raunin. A dokokin 2020 dayis mai fuska 16 ake jefawa: 1 zuwa 6 ya ji jiki amma zai dawo a wasa na gaba, 7 zuwa 9 zai rasa wasa ɗaya, 10 zuwa 12 zai rasa wasa ɗaya kuma ya ɗauki ciwon da zai riƙa taso masa, 13 da 14 naƙasa ce da za ta rage masa ƙarfi ko gudu ko wani abin, 15 da 16 mutuwa. Idan koci ya kira mai maganin tawaga aka sake jifa, a rubuta lambobin duka biyu, a kewaye wadda aka zaɓa.

A ƙasa: sakamako, gwarzon wasa na kowane ɓangare, zinarin da aka samu, abin da aka saya, abin da ya rage a asusu. Sai sa hannun kociyoyin biyu.

Yaya ake lissafin makin gwaninta?

A dokokin 2020, ci maki 3 ne, jikkata abokin karawa ta karo 2, tare jifa a cafe 2, jifar da ta isa hannun ɗan'uwa 1, gwarzon wasa 4. A tsofaffin dokoki gwarzon wasa 5 yake samu, don haka ku fara daidaitawa a kan dokokin da kuke bi, a rubuta shi a shafin farko na littafi.

Ga wurin da za ku kula. A da, makin taruwa kawai yake yi, idan ya kai 6 a samu dabara ta farko, a 16 ta biyu, a 31 ta uku. A dokokin 2020 kashe shi ake yi kamar kuɗi: dabarar farko maki 3 ce idan ka bar wa dayis zaɓi, 6 idan kai za ka zaɓa. Saboda haka kowane ɗan wasa yana buƙatar gida biyu a littafi, na jimillar abin da ya taɓa samu da na abin da ya rage masa. Na biyun na koci ne, na farkon na tarihi ne. Idan ka riƙe na biyun kaɗai, ranar da aka tambaye ka wa ya fi kowa bajinta a gasar nan, ba ka da amsa.

Yaushe ake cike takardar?

Nan take. Abu ya faru, a rubuta, sannan a ɗaga dayis. Ba a tashi daga tebur sai kowa ya karanta ya sa hannu. Wanda ya ce zai turo daga gida, a ba shi haƙuri a miƙa masa biro.

Idan lokacin salla ya yi ana tsakiyar wasa fa?

Yakan yi, domin wasa ɗaya yana cin awa biyu ko fiye, mu kuma bayan La'asar muke farawa. Ana barin mai hannu ya ƙarasa hannunsa idan saura kaɗan, in ba haka ba a tsaya inda ake. A ɗauki hoton allo daga sama da waya, a rubuta hannu na nawa ake, na wa ne, da sake-jifa, wato damar sake jefa dayis, nawa ya rage wa kowa. Marafan da aka kayar a tabbatar ana gane kifaffe, wato wanda ya gigice, da wanda ke kwance kawai. Sai a rufe allon da faranti ko babban kwali, saboda yara da iska. Haka muke yi idan wuta ta ɗauke aka ɗage wasa zuwa gobe.

Littafi ya fi ko waya?

Duka biyun, amma littafi ne uwa. Waya takan faɗi, a sace ta, ko ta cika a goge hotuna. Saƙon da aka tura a zauren WhatsApp kuwa cikin kwana biyu ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da muhawarar Firimiya. Ina ɗaukar hoton kowace takarda a daren da aka buga, ina kuma shigar da alƙaluman a Google Sheets don kowa ya duba, amma idan aka sami saɓani, takardar da ke ɗauke da sa hannu biyu ita ce hujja. Da damina a sa littafin a leda. Kada a yi rubutu da biro mai tawadar ruwa.

Yaya ake tsara tebur, kuma ta yaya zan gane na yi kuskure?

Muna bin abin da kowa ya saba da shi a ƙwallon ƙafa: nasara maki 3, kunnen doki 1. Ingila ce ta fara wannan tsarin a 1981, aka shigar da shi Kofin Duniya a 1994, yanzu ko yaron da ke zuwa filin Pantami kallon Gombe United ya san shi, ba sai an yi bayani ba. Idan maki ya zo ɗaya, muna duba bambancin ƙwallaye, sannan bambancin waɗanda aka jikkata, sannan wasan da su biyun suka yi da juna. Ku kuna iya sauya jerin, amma a rubuta shi kafin a fara kaka. Dokar da aka kafa bayan an ga wanda za ta amfana ba ta da albarka.

Tawaga 8, kowa ya haɗu da kowa sau ɗaya, wasa 28 ke nan a zagaye 7. Tawaga 6 wasa 15 ne, tawaga 10 kuma 45. Ku duba ƙarfinku kafin ku ɗauki mutane da yawa, ku kuma lissafa da azumi, da tafiye-tafiyen Salla da Kirsimeti, da lokacin jarrabawar ɗalibai.

Gano kuskure kuwa yana da sauƙi. Bayan kowane zagaye ka haɗa nasarorin kowa da kowa, dole su yi daidai da jimillar rashin nasara. Ƙwallayen da aka ci duka dole su yi daidai da waɗanda aka zura wa mutane duka. Jimillar kunnen doki dole ta rabu biyu ba saura. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ƙi, kada ka fitar da teburin sai ka gano inda ya ɓace.

Mutum bai zo wasansa ba, me za a rubuta?

A ba shi mako biyu su daidaita da abokin karawarsa. Idan bai samu ba, a bai wa wanda ya zo makin tebur, a rubuta a fili cewa ba a buga ba. Kada a ƙirƙiro wanda ya ci ƙwallo a wasan da ba a yi ba. Idan rasuwa ko rashin lafiya ce ta hana shi, ba a maganar mako biyu, jira ake yi.

An gano kuskure bayan an sa hannu. A gyara?

Idan na lissafi ne, kamar an haɗa 3 da 4 an rubuta 8, a gyara: a ja layi ɗaya a kan tsohon yadda za a iya karanta shi, a rubuta sabon a gefe da kwanan wata, su biyun su sake sa hannu. Ba a gogewa, ba a yage shafi. Idan kuwa kuskuren doka ne da aka yi a cikin wasa, wasan ya wuce. A rubuta a bayan littafi yadda dokar take don gaba, a bar sakamakon yadda yake.

Tunda ga alƙaluma, mene ne amfanin labarin wasa?

Alƙaluma suna hana faɗa, amma ba sa kawo mutum zaure ranar Asabar. Wanda yake na bakwai a tebur, an lallasa shi sau huɗu a jere, ba abin da teburin zai gaya masa face ya zauna a gida. Labari ne ke gaya masa cewa an ga yadda lamba 5 nasa ya tsaya shi kaɗai a gaban dodanni uku har hannu huɗu bai faɗi ba.

Ku dubi dambe. Da a ce sakamako kawai ake faɗa, wane ya kashe wane a turmi na biyu, da ba wanda zai riƙe sunan ɗan damben da ya yi tashe shekara arba'in baya. Makaɗa da masu kirari ne suka riƙe su. Aikin mai rubuta labarin wasa ke nan, shi ne marokin gasa. Bambancin kawai, shi yana da littafi a gabansa, kuma ba shi da izinin saɓa masa. Na ga yadda marfin kwalbar da ba shi da komai sai lamba ya zama abin da ake tambaya: "Yau zai buga kuwa?" Ba makinsa ne ya jawo haka ba, sau uku da sunansa ya fito a labari ne.

Ta ina ake fara labarin?

Ba daga hannu na farko ba. Wanda ya bi hannu 32 ɗaya bayan ɗaya ya rubuta rahoton taro ne, ba wanda zai kai ƙarshensa. Kowane wasa yana da inda ya karye, wuri ɗaya ko biyu da daga nan komai ya sauya. Nemo wurin, ka fara daga bakinsa. Shi ya sa nake roƙon kociyoyi su sa ɗan tauraro a gefen takarda duk inda aka yi ihu a zaure. Inda aka yi ihu, nan labarin yake.

Ga misali daga wani wasan da aka tashi 1 da 1:

"Saura hannu biyu a tashi, Wadanni na gaba da ci ɗaya mai ban haushi, ƙwallo tana hannun lamba 4 nasu, mutum huɗu sun sa shi a tsakiya kamar amarya ranar kai ta ɗaki. Tun farkon rabi na biyu suke tafe a haka, taku huɗu-huɗu, ba gaggawa. Magoya bayan Ɓeraye har sun fara naɗe tabarmi. Sai lamba 11, wanda tun da aka fara ba abin da ya yi sai shan ƙasa, ya dubi ɗan ramin da ke tsakanin ƙattin nan. Siki kaɗai zai shigar da shi. Siki ya samu. Ya kai wa mai ƙwallo karo, zaɓin dayis yana hannun Wadanni, amma duk wanda suka duba faɗuwa ce. Ƙwallo ta yi tsalle waje, lamba 2 ya sure ta, kuma duk wanda ya san gudun lamba 2 ya san ba wadan da zai ga ko ƙurarsa."

Daga nan sai ka koma baya a taƙaice ka faɗi yadda aka kai ga wurin, ka rufe da abin da wasan ya bari: wa ke jinya, wa ya hau tebur, da wa za a haɗu a gaba. Kalma 300 zuwa 400 sun isa. A waya za a karanta.

Har ina aka yarda a ƙara gishiri?

Duk abin da takarda ba ta faɗa ba, naka ne. Kana iya cika filin da 'yan kallo, ka sa mai sayar da rake a bakin ƙofa, ka ce kyaftin ya yi wa mutanensa faɗa a hutun rabin lokaci, ka ba alƙalin wasa hali. Amma abin da takarda ta faɗa ba ya taɓuwa. Idan lamba 2 ne ya ci, ba za ka bai wa lamba 9 ba don sunansa ya fi daɗin kirari. Idan a hannu na 5 aka ci, ba za ka mayar da shi na ƙarshe ba don a ji zuciya ta buga. Ranar da aka kama labari ya saɓa wa littafi sau ɗaya, daga ranar za a fara zargin littafin ma, tunda hannu ɗaya ne ke rubuta su.

Abu ɗaya nake ƙara jan kunne a kai: a bar dayis ya fito a labarin kaɗan-kaɗan. Mai karatu ɗan wasa ne, yana son ya san cewa abin da ya faru sau ɗaya yake zuwa a cikin 36. Amma idan kowace jimla lamba ce, an koma takardar wasa.

Wanda aka ci fa? Ba zai ji haushi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a wurina. Kafin in tura labari, nakan karanta shi da idon wanda aka ci. Idan na ga zai karanta a gaban matarsa ko ƙannensa ya ji kunya, sai in sake. A yi wa marfi tsiya yadda ake so, a ce lamba 8 hannunsa kamar an shafa masa man gyaɗa. Amma kocin mutum ne, gobe za ku haɗu a masallaci ko a kasuwa. Ba a ce ya yi wauta, sai dai a ce ya yi kasada ba ta karɓe shi ba. Kuma ko 4 da nema aka ci mutum, akwai abu ɗaya da ya yi daidai. Nemo shi ka rubuta.

Sannan a Gombe muke: Fulani, Tera, Tangale, Waja, Bolawa, Barebari, Hausawa, Musulmi da Kirista, duk a tebur ɗaya. Kada a taɓa jingina dodanni ko ɓeraye ga wata ƙabila ko unguwa ko addini, ko da sunan wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare ne. Abin da ake faɗa baki da baki a yi dariya, idan aka rubuta shi aka tura, zai isa hannun wanda bai san da wasan ba.

Mai littafi zai iya rubuta labarin wasan da shi ya buga?

Gara kada ya yi. Nawa wasannin wani nake ba ya rubuta, takardar kuma abokin karawata ne ke riƙe biro.

Ɗan wasa ya mutu a allo. Yaya ake yi da shi?

A ja layi ɗaya a kan sunansa, a rubuta ranar da wasan da wanda ya yi sanadi. A bayan littafi ina da shafi na musamman da nake mayar da su, kowa da jimillar wasanninsa da makinsa. Kada ku raina yadda abin ke taɓa koci. Mutum ya yi wata biyar yana renon marfi ɗaya, ya tara masa dabara uku, jifa ɗaya ta ɗauke shi. A ba shi sakin layi guda na kansa a labarin makon, a tuna abin da ya yi. Amma a tsaya a kirari da yabo. Ba ma sa addu'ar mamaci ko kalmomin ta'aziyya na gaskiya a kan marfin kwalba, waɗannan na mutane ne. Yawancin kociyoyi sukan ajiye marfin, ba sa sake ba wani lambarsa a kakar.

Wasan da aka tashi babu ci, me za a ce a kansa?

A faɗi abin da ya hana cin. Wani lokaci labarin tsaron gida ya fi na ci daɗi. Idan kuwa da gaske ba abin da ya faru, layi biyar sun wadatar.

Wannan ba caca ba ce?

Ba a sa ko sisi a kan sakamako a gasarmu, kuma wannan ita ce doka ta farko a shafin farko. Zinari miliyan ɗaya da kowace tawaga ke farawa da shi a takarda kawai yake, ba ya sayen ko ƙosai. Kuɗin da muke haɗawa na kwali ne da biro da ruwan sha, ana rubuta shi a wani littafi dabam, kowa yana iya dubawa.

Amma gaskiya ita ce maganar ba ta tsaya a kuɗi ba. Akwai malaman da suka tsananta a kan duk wasan da ake jefa dayis ko da ba a sa komai, saboda hadisin da ya zo a kan nardi, wani tsohon wasan dayis. Mai wannan tambaya ya kai ta wurin malaminsa, ya bi abin da zuciyarsa ta natsu a kai, kuma ba wanda zai yi masa gori. Muna da wani ɗan'uwa da ya daina jifa saboda haka, amma yana zuwa ya zauna ya riƙe takarda, kuma labaransa sun fi na kowa daɗi. Haka nan mun ajiye tawagogin matattu masu tafiya, ba ma kuma ambaton abubuwan bautar da aka ƙirƙira a duniyar wasan a cikin labaranmu.

Idan kaka ta ƙare, me ake yi da littafin?

A rufe ta da shafi biyu: teburin ƙarshe, zakara, wanda ya fi ci, wanda ya fi jikkata mutane, wanda ya fi shan ƙasa ya tashi, da jerin waɗanda suka rasa ransu. Sai labari guda mai ɗan tsawo na kakar gaba ɗaya, wanda dole kowace tawaga ta ga kanta a ciki, har ta takwas. Mukan buga shi a shagon kwamfuta, kowa ya tafi da kwafi.

Sannan a sami mutum na biyu da ya san yadda ake riƙe littafin tun yanzu, domin aiki ko karatu ko aure na iya ɗauke mai riƙon a tsakiyar kaka. Ni ƙanin wani kocinmu nake koya wa, ɗan aji biyar na sakandare. Shi ke haɗa jimillar zagaye, ni in duba. Littafin kakar farko da ta biyu suna cikin akwatin ƙarfe a zauren, tare da marafan da suka yi ritaya, mabuɗi ɗaya a wurina, ɗaya a wurin mai gidan.